Wayar da ba ta da zuciya

Shekara goma sha tara mai sito ya yi yana tsaron kayan kamfanin wuta, har ya san waya kamar yadda ya san 'ya'yansa. Iri biyu ke jibge a tsakar filin: alminiyon zalla, da wadda aka murɗe a kan baƙin ƙarfe, wadda ma'aikata ke cewa mai zuciya. Daga waje kamanninsu ɗaya. Sai an yanka bakin ake ganewa.

Ranar da Dogo, shugaban masu hawa turken wuta kuma wan matar mai sito, ya zo ɗaukar wayar da za a tsallaka kogi da ita, aikin da sai mai zuciya ke jurewa, ruwan sama ya riga ya wanke rubutun da ke jikin naɗin wayar. Zarto na can ƙarshen fili, ga mai sito da ciwon gwiwa. Dogo ya tambaya ko mai zuciya ce, shi kuwa ya ce ita ce mana. Dogo ya yarda, ya bar wa sababbin leburori, waɗanda ba su san bambancin ba, ɗaure bakin wayar a turke.

Da zafi ya tsananta wayar ta saki, ta yi ciki, ta tsinke a kan lambun wani tsoho. Itatuwan lemo arba'in suka ƙone. Aka dakatar da Dogo, tunda shi ya sa hannu.

Mai sito ya ja bakinsa ya yi shiru. Amma abinci ya daina masa daɗi. Matarsa kullum sai ta zuba kwano guda ta aika gidan yayanta, tana tsine wa wanda ya jawo masa, shi kuma yana cewa amin a ciki-ciki.

Sai da aka yi wata biyu ya je gidan Dogo. Ya tarar da Dogo yana gyaran fanka a ƙofar ɗaki.

"Yaya, ban yanka bakin wayar nan ba. Cewa kawai na yi ita ce."

Dogo ya daɗe yana juya sukurudireba a hannu.

"Ba ni za ka gaya wa ba. Ofishin manaja bai tashi daga inda yake ba."

Washegari ya je ya faɗa. Aka mayar da Dogo aiki, shi kuma aka sauke shi zuwa gadin ƙofa. Matarsa ta yi kwana tara ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa. Ran Asabar ya sayi dashen lemo shida, ya kama hanyar lambun tsohon, yana ta shirya abin da zai ce.