Jan Fenti a Zauren Malam Tasi'u

Lokacin da Malam Tasi'u ya gina gidansa a bayan garin Gummi, babu kowa a wurin sai gonakin gero da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Cikin shekara talatin gari ya miƙo ya cim masa. Gidaje suka cika ko'ina, kowa ya gina inda ya ga dama, har wurin ya sami suna, Unguwar Marke. Burtalin ya zama hanyar unguwa, sai dai kullum ƙara tsukewa take. Wannan ya turo katanga, wancan ya kafa rumfar shago. Mota ba ta shiga, kuma da damina ruwa ya rasa mafita sai ya shige wa mutane ɗakuna.

Zubaida, 'yar Malam Tasi'u, ta karanci tsara birane, ta dawo tana aiki a sashen filaye na ƙaramar hukuma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa faɗin sunanta ba, Uwata yake ce mata. Da aka yanke shawarar buɗe hanyar Unguwar Marke a yi mata lambatu, ita aka ba aikin, saboda ta san wurin.

A ƙofar gidan mai unguwa ta shimfiɗa taswira bisa tabarma, ta danne gefunanta da duwatsu. Ta yi bayani cewa hanyar za ta koma faɗinta na da, yadda mota za ta shiga, ruwa ya wuce, shanu ma su bi ba tare da sun goge katangar kowa ba. Gine-gine goma sha ɗaya sun shigo cikin hanya, kuma za a sa wa kowanne jan fenti daidai inda za a rushe.

Atiku mai shagon kayan miya, wanda rumfarsa ta fi ta kowa cin hanya, ya leƙa taswirar ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo.

"Wanga fa, gidan wa na?"

"Gidanmu na," in ji Zubaida. "Zauren Baba."

"To madalla. Ran da munka ga jan fenti ga zauren Malam Tasi'u, mu ma sai a zo a sa muna."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Tasi'u ba ya wurin, yana gona yana cirar wake.

Ba yau Zubaida ta san zauren ya shigo hanya ba. Sati biyu ta yi tana juya zanen a ofis ko za ta samo dabara. In ta karkata hanyar ta kauce wa zauren, sai ta bi ta tsakiyar ɗakin Habsu, tsohuwar da ke zaune a gidan da ke fuskantar nasu, wadda ba ta da wani ɗakin sai shi. Ta gwada ta wannan gefe ta gwada ta wancan, amsar ɗaya ce.

Zauren kuwa da hannunsa ya gina shi, shi ya buga tubalin, shi ya ɗauko azarar daga Bukkuyum a kan amalanke. A nan yake shan fura da abokansa bayan azahar, a nan yake ajiye irin shuka, a nan kuma Zubaida ta koyi rubutu, tana zane a ƙasa da tsinke yana gyara mata.

Da ta dawo gida sai ta sami mahaifiyarta, Inna Ladi, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta zauna kusa da ita ta faɗa mata komai.

"Inna, ko ke za ki gaya mai?"

Inna Ladi ba ta ɗaga kai daga rariya ba. "Ni ban yi karatun awo ba. Ki bari shi ci tuwo tukuna, sannan ki gaya mai da bakinki. Kada ki bari shi ji ga bakin Atiku."

Bayan la'asar ya dawo, ya ci abinci, Zubaida ta durƙusa gefen tabarmarsa ta faɗa masa. Ya saurara har ta gama, yana goge hannu.

"Ƙafa nawa?"

"Huɗu, Baba."

"In an cire ƙafa huɗu, mi ya saura ga zaure?"

Ya miƙe ya sa takalmi, ya ce, "To, Malama. Na ji."

Kwana uku yana ce mata Malama. Bai yi faɗa ba, bai daina amsa gaisuwarta ba, amma ko sau ɗaya bai ce mata Uwata ba. Inna Ladi tana kallonsu su biyu, ta ce wa Zubaida ta ƙyale shi, haka ya yi wata guda yana fushi da ita kanta lokacin da ta sayar da tunkiyar da ta riƙa cin shanya, daga baya shi ya fi kowa jin daɗi.

Ranar awo da safe mutanen unguwa suka taru kamar ana rabon taki. Zubaida ta zo da tef ɗin awo da gwangwanin jan fenti. Ba ta fara daga bakin hanya ba, ta wuce shagon Atiku da sauran gidaje ta tsaya a ƙofar gidansu. Malam Tasi'u na zaune bakin zaure, ya sa farar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Talata ce.

Daidai lokacin Manu ya iso da shanunsa za su mashaya. Bafulatani ne makiyayi, tsaran Malam Tasi'u, sun fi shekara talatin suna gardama kan shanu da gona, kuma kusan kullum tare suke shan fura. Ya tsayar da shanun ya jingina da sandarsa.

Malam Tasi'u ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ni hanya ta ishe ni nan. Sa'ad da na yi gini babu hanya."

"Akwai burtali," in ji Manu. "Ran da kake ɗora tubalin wanga kusurwa ina tsaye nan. Na ce maka ka ci muna kamu uku. Ka ce shanuna su rage ƙiba."

Jama'a suka fashe da dariya. Malam Tasi'u ya harari abokinsa, ya buɗe baki zai musa, sai dariyar ta kubce masa shi ma.

"Kamu biyu da rabi na," ya ce.

Ya miƙe ya karɓi bakin tef daga hannun Zubaida, ya je ya riƙe shi a jikin turken simintin da aka kafa a matsayin iyaka. Ta ja tef ɗin har bangon zaure. Ya sa ta sake aunawa. Ƙafa huɗu ne, ba ragi. Ya juya ya daɗe yana kallon ɗakin Habsu a ɗaya gefen, ita kuma tsohuwar tana leƙe ta ƙofa. Ashe Inna Ladi ta riga ta gaya masa abin da zai faru da ɗakin in aka kauce wa zaurensa.

Zubaida ta tsoma buroshi a fenti, ta tsaya da shi a hannu har ja ya ɗiga a ƙasa.

"Uwata," ya ce a hankali, "riƙe shi da kyau. Mutane na kallo, kada a ce ɗiyata ba ta iya jan layi ba."

Ta ja layin tun daga sama har ƙasa, ya fita miƙe. Ta juya baya kamar tana neman murfin gwangwani don kada a ga idonta.

Bai jira a zo rushe masa ba. Washegari ya ari diga, shi da Manu da maƙwabta biyu suka kwance rufin, suka zare azarar ɗaya bayan ɗaya suka jera a tsakar gida, sannan suka saukar da bangon. Inna Ladi ta dama musu kunu. Kafin ƙarshen wata gidaje tara sun bi sahu. Atiku ya ja har kusan faɗuwar ruwa, yana cewa bai sami magini ba, sai da matan unguwa suka koma sayen kayan miya wani shago sannan ya janye rumfarsa cikin yini ɗaya.

Daminar bana ruwa bai shiga ɗakin kowa ba a layin, ko da yake can ƙasa inda lambatun bai kai ba har yanzu ana fama, kuma Zubaida na ta rubuta takarda a kan haka. Cikin watan Agusta naƙuda ta kama Rahina, matar ɗan mai unguwa, mota ta shigo har ƙofar gida ta ɗauke ta zuwa asibiti.

Malam Tasi'u ya sake ɗora zaure da tsohuwar azararsa, ɗan ƙarami, mutum huɗu in sun zauna gwiwoyinsu na haɗuwa. Kullum sai ya yi ƙorafi a kansa, musamman in Zubaida na kusa. Amma in baƙo ya zo, kafin a kawo ruwa sai ya fito da shi waje, ya nuna masa hanyar daga wannan kai zuwa wancan, ya tambaye shi ko ya san wadda ta auna ta.