Ciwon da Baba Kafinta Ya Ɓoye

"Ajiye man zafin nan, Malama," in ji Baba Kafinta. "Ashe ba a gwiwar ciwon yake ba."

Na tsaya da kwalbar a hannu. Ranar aka sallamo shi daga asibiti, na shigo duba shi, don katanga ɗaya ce tsakaninmu. Yana kwance, ya rame har agogonsa na yawo a hannu.

Shekara tara muna cewa sanyin ƙashi ne. Gwiwa ta kumbura ta sace, idon sawu ya karɓa. Sai ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi ya koma kan zarto. Murɗar ciki da gudawa kuwa, wani lokaci har da jini, ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Sai da ya faɗi a shago likita ta matsa masa da tambaya. Ta ce hanjinsa ne ke kumburi, kumburin ke taɓa gaɓoɓi, ƙwayoyin kuma ƙara ɓata hanjin suke. An yi masa aiki, amma an makara.

"Kira min Auta," ya ce wa matarsa.

Autarsa ta shigo, budurwa ce mai koyon aikin ɗab'i, hannunta duk kumfar wanki.

"Sau nawa kika shiga bayi yau?"

"Baba!"

"Haba Malam, a gaban mutane?" in ji matar.

"Malama ai ta gida ce. Ni na sa ƙofar bayin nan, na san kukanta. Tun da na dawo, biyar na ƙirga. Kuma ina ganin yadda kike murza wuyan hannu in kina matse kaya."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga.

"Ni ma haka na sunkuya, 'yata, ga inda ya kai ni. Gobe Malama za ta raka ki."

Ta ce ba ta zuwa ko'ina sai ya samu sauƙi. Ya ture kofin maganinsa gefe.

"To, ni ma ba na sha sai kin je."

Muka je. Bayan gwaje-gwajen mako biyu likita ta ce irin ciwon babanta ne, amma an tare shi da wuri, da magani za ta rayu kamar kowa. Da Auta ta gaya masa, ya rufe ido, sannan ya ce a miƙo masa ruwa.

Daga nan duk wanda ya zo dubiya sai ya sha bayani. Dattijon da ko tari ba ya yi a gaban suruki, shi ne ke ce wa abokansa, "In gaɓa na ciwo ciki na ciwo, ku gaya wa likita duka biyun." Su yi dariya, shi ma ya yi, yana dafe da ɗinkin cikinsa.

Da hantsin wata Talata ya cika, kansa a cinyar matarsa.

Kwana uku bayan haka, wani tsohon direba cikin masu ta'aziyya ya tsayar da ni a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, wace rana likitar nan take ganin mutane?"

Na rubuta masa a 'yar takarda. Ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya dafa wurin da tafinsa, ya gangara titi a hankali.