Tarwaɗa Mai Lambar Waya

Rahinatu tana tsakiyar juya ƙarfasa a kan wayar banda, hayaƙi na cin idonta, sai ga mijinta Malam Haladu ya shigo rungume da baho a ƙirji kamar wanda ya ɗauko jariri daga wanka. Wandonsa a jiƙe har cinya, haƙoransa suna karo da juna don sanyi. Ya ajiye bahon a gindin rijiya, ya tsaya yana kallonsa.

Ranar ce ta ƙarshe a kamun kifin bana. Masuntan Wudil sun san lokacinsu. Da zarar ruwa ya fara cizon ƙashi da safe, kifi ya daina zuwa gefe, sai kowa ya wanke komarsa, ya shafe gorarsa da mai ya rataye, ya koma lambu ko kasuwa har zafi ya dawo.

"Malam, lafiya? Ka tsaya kamar mai jiran a ba shi saƙo."

"Zo ki gani."

Ta goge hannu da gefen zani ta leƙa. Tarwaɗa ce baƙa wuluk, tsawonta ya kai daga yatsa zuwa kafaɗa, tana kaɗa gashin baki a hankali. A gadon bayanta wani ɗan abu ne ruwan ɗorawa, siriri kamar tsinken tsintsiya, a cake cikin nama, naman ya warke ya riƙe shi gam.

"Ikon Allah. A ina ka kamo ta?"

"A ruwa."

To, wannan amsar ba yau ta fara jinta ba. Akwai wani gurbi a kogin da kifi ke taruwa ya kwanta idan sanyi ya shigo, kuma duk Wudil Malam Haladu kaɗai ya san inda yake. Mahaifinsa ne ya nuna masa, ya kuma ja masa kunne. Kifi ɗaya ake ɗauka a wurin, ranar rufe kamun kifi, don gida. Wanda ya san gurbin ya zuba masa maganin ƙwari, a wuni ɗaya zai kwashe kifin baɗi gaba ɗaya. Shekara talatin da huɗu Rahinatu tana tambaya, ta lallaɓa, ta yi fushi, ta biyo ta bayan gida da dabara, bai taɓa motsi ba. Cewa yake bakinta ba shi da murfi. Ita ma ba ta musu, don in labari ya kwana a cikinta har ciwon kai yake sa ta.

Suna tsaye sai ga Gwadabe, taubashin Malam, shi ma masunci, wanda gidan ba ya masa shamaki. Ya duba bahon, ya ja da baya taku ɗaya.

"Laya ce. Kifin mutanen ruwa ka ɗauko. Tun da na hango ka kana sauri kamar an koro ka, na san ka ɗebo abin da ya fi ƙarfinka."

"Yaushe mutanen ruwa suka fara ɗinka laya da roba?"

"Su ma zamani ya je musu. Kai dai ka faɗa mini inda ka samo ta, in raka ka mu ba su haƙuri."

"Na gode. Zauna da haƙurinka."

Rahinatu dai ta durƙusa ta danne kan kifin da tsumma, ta sa farce tana kankare gansakukar da ta lulluɓe abin. Rubutu ya fito ƙanana-ƙanana. Ba ta yi boko ba, amma lamba kam ta san ta, don masu sayen banda daga Kano ta waya suke nemanta. Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa.

"Goma sha ɗaya ne, kuma da sifili ya fara. Malam, wannan ai lambar waya ce."

Gwadabe ya bushe da dariya. "To kira mana, Yaya Rahinatu. Mu ji ko a ƙarƙashin gada za a ɗauka."

"Bari," in ji Malam Haladu. "Ba mu san ko su wane ne ba."

Amma ina, ta riga ta kwance wayar daga bakin zani. Ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa a fili, ta kara a kunne. Sau uku ta yi ƙara, muryar mace ta yi sallama. Rahinatu ta gaishe ta tsaf, gida da aiki da sanyi, kafin ta ce, "Baiwar Allah, lambarki muka tsinta a bayan kifi."

Nan take muryar ta canza.

"Inna, tana da rai? Don Allah kar a yanka. Ku kwatanta mini gidan."

Bayan azahar ta iso, doguwa, da hijabi ruwan toka da jaka a kafaɗa. Ta ce sunanta Hidaya, tana koyar da ilimin kifi a jami'a. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Malam, sannan ta fito da abin awo ta auna tsawon kifin da nauyinsa, tana rubutawa, tana murmushi ita kaɗai. Rahinatu ta kawo mata ruwa da bandar ƙarfasa guda biyu, ta zauna dab da ita don kada kalma ɗaya ta wuce ta.

Ashe shekara uku da suka wuce ne Malama Hidaya ta saki 'yan tarwaɗa ɗari biyu a Tamburawa, kowacce da irin wannan alamar, don ta gano inda suke bi. Shida kawai aka taɓa kiranta a kansu, duk bayan sun shiga miya.

"Daga Tamburawa?" Malam Haladu ya gyara zama. "Wannan ta zo nan da kanta? A lokacin yaya girmanta yake?"

"Bai wuce tafin hannunka ba, Baba."

Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi kifin. Ya shiga jero mata tambaya, ko abin yana mata zafi, ko kifi yana gane hanyar da ya biyo, ko gaskiya ne tana iya sanin shekarun kifi daga ƙashinsa. Rahinatu ba ta taɓa ganin mijinta yana tambayar wani a kan ruwa ba.

Daga nan Malama ta juya shafi. "Saura abu ɗaya, Baba. Daidai ina ka kama ta? Abin da nake nema ke nan tun farko, inda suke kwanciya da sanyi. In mun sani, sai a rubuta a sa doka, a hana taɓa wurin."

Gwadabe ya miƙa wuya. Rahinatu ta daina tauna goro.

"'Yata," in ji Malam, "in kin rubuta, wa zai karanta?"

"Hukuma, da masu bincike."

"Da wanda ya iya karatu. Ke na ga fuskarki, na yarda da ke. Takardar ce ban yarda da ita ba, duk wanda ya buɗe ta sai ta gaya masa."

Ta yi bayani, ta sake yi, cikin ladabi. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce Allah ya yi mata albarka. Da ta ga babu hanya sai ta rufe littafin. Tana sa takalmi ta ce, "To Baba, akwai dai wanda ka nuna wa ko?"

Ya kawar da kai. 'Ya'yansa maza biyu duk sun bar ruwa, ɗaya yana jan A Daidaita a Kano, ɗaya yana ɗinki a Kausani. Malama ta gane ta taɓa wuri mai ciwo, ta ce a yafe mata. Roƙonta ɗaya, in ba za a ci ba, a mai da kifin inda aka samo shi, ko Allah zai sa wata shekarar ta sake jin labarinsa.

Gwadabe ya ce shi zai ɗauki bahon, ai zumunci ya wuce haka. Malam ya raka shi har zaure, ya tura ƙyaure.

Bayan la'asar ya sake wa kifin ruwa, ya sunkuya zai ɗaga bahon. Ya kai shi gwiwa, ƙugunsa ya amsa, ya mayar da shi ƙasa. Ya daɗe dafe da bakin rijiya. Rahinatu tana kallonsa ta wutsiyar ido, tana ta kwashe bandar da ta riga ta kwashe.

"Rahinatu."

"Na'am, Malam."

"Ɗauko gammo."

Ba ta ce don me ba. Ta naɗe tsohon zani ta ɗora a ka, ya taya ta aza bahon, ya rufe shi da buhu. Suka bi ta bayan gari, suka wuce masu ɗiban yashi, suka ratsa lambunan albasa, ruwa yana fantsalo mata a wuya, kifin yana bugun baho jefi-jefi. Tun tana amarya take zana gurbin nan a ranta, da manyan duwatsu da ruwa baƙi ƙirin da tsuntsayen da ba a saba gani ba. Sai ga shi ya tsaya a wata 'yar kwana da ta sha wucewa in za ta biki, babu komai sai kututturen gawo da kashin shanu.

"Nan?"

"Sauke. Shiga zuwa gwiwa, ki sa hannu a nan."

Ta shiga tana jan numfashi, ruwan kamar ƙanƙara.

"Matsa taku uku. Kai hannun ƙasa."

Ta kai. Ta ɗago ta dube shi. "Malam, da ɗumi."

"Idon ruwa ne a ƙarƙashi. Shi suke bi." Ya karkata bahon, tarwaɗar ta zame, ɗan ruwan ɗorawan nan ya yi ƙasa har ya ɓace. "In kin ga ƙananan kifi suna tasowa ciki sama, ki je wurin Sarkin Ruwa a ranar, ki ce an zuba magani a kogi, kar ki ce a ina. In kuma a jikokinmu an sami wanda ruwa ya kama zuciyarsa, ki bari sai ya yi aure ya natsu."

Ta tsaya a cikin ruwan, ta manta da sanyi. "Me ya sa ni? Ai ka ce bakina ba shi da murfi."

"Har yanzu ba shi da shi. Amma Gwadabe yana so ya sani don ya kama, Malama don ta rubuta. Ke kuwa so kawai kike ki sani."

Rana ta yi ja suka iso gida. Gwadabe yana zaune a dakalin ƙofa, ya baje kamar mai gadin kasuwa. Ya bar Malam ya shige, ya tare ta, don ya san inda katangar take da gajarta.

"Yaya Rahinatu, sannu da hanya. Zani a jiƙe haka, daga ina?"

Labarin ya taso mata har maƙogwaro, da ɗumin, da kututturen, da komai. Ta haɗiye shi da ƙyar.

"Wanki na je."

"Wanki ba kaya?"

"Bahon na wanke," ta ce, ta raɓa shi ta shige.