Ayarin Zakari a Bakin Rijiya

Ranar sadakar ukun Zakari, ina zaune a rumfata ta kasuwar Illela ina korar ƙuda daga buhunan albasar da ba mai tayawa, sai ƙanensa Malam Abdulrauf ya bugo mini waya, wai in na yi azahar in biyo ta gida, akwai magana. Ni kuwa na gaji da magana. Tun da anka fara rufe boda ana buɗewa kamar ƙyauren shago, magana kaɗai ta rage mana a kasuwar nan. Amma gidan Zakari ne, abokina tun muna samari, kuma da safe na je gaisuwa na zame ban daɗe ba. Kunya ta sa na ja ƙafa na tafi cikin ranar nan mai narkar da ƙwaƙwalwa.

Na iske Abdulrauf shi kaɗai a zaure, masu gaisuwa sun watse. Gabansa tsohuwar adaka ce ta ƙarfe a buɗe, gefe guda galan ɗin kananzir da kwalin ashana. Shahida, babbar ɗiyar Zakari, tana tsaye a ƙofar cikin gida, ta ja mayafi har hanci, idanunta sun kumbura. Ta gaishe ni a hankali, ba ta matsa daga wurin ba.

"Yaya Hamidu," in ji Abdulrauf, "na kira ka ne in roƙe ka gafara a madadin mamaci."

"Gafarar mi?"

Sai ya ciro takardu daga adakar ya shimfiɗa a tabarma. Rubutun ajami ne, hannun Zakari, ko a mafarki na san shi. Tsakiyar kowace takarda an zana gidaje huɗu-huɗu, shida-shida, cike da lambobi. Ga taswira da 'yan alamomi. Abdulrauf ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Hatimai ne, Yaya. Ga sunayen mutanen garin nan. Nan ya rubuta Sufyanu ya mutu a hanya, Sufyanu kuwa ya rasu, kowa ya sani. Nan kuma kai ne. Hamidu ya faɗa rijiya, raƙuminsa ya ɓace, kayansa sun zube. Ga yadda kasuwarka ta koma. Shekara ashirin muna wa'azi a makarantar gidan nan cewa tsibbu halaka ne, ashe a ɗakin babban malaminmu yake kwance. Zan ƙone su yau, in sanar da dattawa su san abin da za su nema masa gafara a kai. Amma kai ne wanda anka cuta, kana raye. Ka yafe masa."

Wallahi da ba gidan mutuwa ba ne da na yi dariya har in faɗi. Sai na dubi Shahida. Tun safe ke nan yarinyar nan take jin cewa uban da ya koya mata Fatiha matsubbaci ne, kuma gobe duk Illela za ta ji. Dariyar ta maƙale mini a wuya.

"Malam," na ce, "Sufyanu ciwon suga ya kashe shi, shekara ashirin bayan wanga rubutu. Ni kuwa boda ta karya ni, ni da rabin garin nan. Duk Zakari ya rubuta su? Haba! Zauna da kyau ka ji. Wasa ne."

"Wasa?"

Sai da na nisa, don ban yi shirin tono wannan zamani ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma na ba shi labari tun daga tushe, tunda lokacin yana Gusau wajen karatu.

Wani abokinmu Maccido ne ya jawo mana. Yana sayo gwanjo a Ƙonni, can ƙetaren boda, wata rana ya tsinci wani yagaggen littafin Faransanci a aljihun kwat. Da ɗan Faransancinsa na tasha ya fahimci cewa wani wasa ne na Turawa: mutane su kewaye tebur, kowa ya zama wani mutum a cikin labari, ɗaya yana ba da labarin, in an zo wurin sa'a sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Zakari ya watsar da dodannin Turawan, ya ce mu fatake ne. Ya ƙago ayari daga Illela zuwa Agadas, har Bilma ɗauko gishiri. Shi ne madugu, shi ke faɗin abin da hanya ta ƙunsa. Mu shida ne, kowa da raƙumansa a takarda. Duk Alhamis bayan la'asar muna bayan shagon Sufyanu tela, a kan teburin da yake yanka yadi.

Kafin shekara samarin Amarawa sun ɗauka, na Kalmalo sun ɗauka, har Ƙonni. Shi ya sa Zakari ya fara rubuta mana mujalla, Muryar Ayari. Da ajami ya yi ta, don rabinmu ba su yi boko ba, na Ƙonni kuwa bokonsu na Faransa ne, ajami kaɗai kowa ke karantawa. A kai ta Sakkwato a yi mata hoto a injin kwafi, a ba direbobi su rarraba. Ciki akwai labarin inda kowane ayari ya kwana, da sabbin dokoki, da wasiƙun faɗa. Wani ɗan Kalmalo ya yi wata uku yana rubuto mana zagi don an ce jaki ba ya ƙetare hamadar Tenere. Wata rana mahaifin su Zakari, Malam Muhammadu Lawal, ya wuce ya gan mu duƙe a kan ajami, ya tsaya ya sa mana albarka, ya ce Allah ya ƙara mana son ilmi. Mun kwana biyu ba mu iya kallon juna ba.

Abdulrauf bai ko murmusa ba. "Yaya, ka ce haka ne don ka rufa wa abokinka asiri."

"To, gani ya kori ji. Zuba hannu ƙasan adakar nan, za ka ji gwangwanin man zafi."

Ya lalubo shi, ya buɗe. Ɗan lidonmu na ciki, ya yi rawaya, ɗigon sun kusa gogewa. Na jawo takarda ɗaya mai gida shida.

"Kai bafatake ne da raƙuma uku. Kun wuce garin Tawa, kun iso mararraba, rana ta take. Hagu za ka bi ko dama?"

"Ni ba na..."

"Malam, hagu ko dama?"

"Dama," ya ce, kamar an matse masa wuya.

Na jefa a kan murfin adakar. Uku. Na ce ya nemi gida na uku a layin dama ya karanta ƙaramin rubutun da ke gefe, da bakinsa. Ya gyara tabarau ya karanta: "Guguwa ta taso, raƙumi ɗaya ya tsinke." Ya koma gida na huɗu da kansa, ya karanta: "Kun iske Buzaye, sun ba ku shayi." Na biyar, na shida. Ya ɗauko wata takardar ya bi ta layi-layi, har ya iso wasiƙar mai jakin nan ta Kalmalo. Ya daɗe a kanta.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan hatimin naka."

"Wannan ai shashanci ne. Kuma ɗan lidon nan ma malamai sun yi magana a kansa."

"Na ji, shashanci ne, mun yi. Nema mana gafara a kan wannan, ni da shi duka. Amma ka kira ɗan'uwanka shashasha ya fi abin da ka kira shi tun safe."

Ya sunkuyar da kai yana istigfari, hawaye na ɗiga a kan gemunsa. Ya sa ƙafa ya ture galan ɗin kananzir can jikin bango. Sai ya juya wajen ƙofa ya ce, "Shahida, babanki ba shi da abin da na ce. Ni na yi zato, zato kuwa zunubi ne." Ta sulale ta zauna a dokin ƙofa tana kuka, irin kukan da mutum ke yi in an sauke masa kaya. Na ce a raina alhamdulillahi, aikina ya ƙare, bari in koma wa albasata. Har na dafa gwiwa zan tashi.

"Baba Hamidu," in ji Shahida, "akwai wata a can ƙasa, cikin leda. Ita ba hoto ba ce. Na gan shi yana rubuta ta da azumi, lokacin da ciwon ya tsananta."

Ni fitowa goma sha ɗaya na sani. A ta goma sha ɗayan ne na faɗa rijiyar nan, wata Alhamis da ɗan lido ya ci amanata. Doka ta ce sai mai shi ya dawo tebur ya jefa da hannunsa, a ga ko zai fito. A makon nan mahaifina ya damƙa mini rumfa, na ce wa Zakari sai Alhamis mai zuwa. Shi kuma ya rantse ayari ba ya tashi ya bar mutum a rami. Sauran sunka jira, sunka gaji, kowa ya kama gabansa, wasan ya mutu a nan. Shekara ashirin da takwas, duk inda munka haɗu, suna ko jana'iza, sai ya kama hannuna ya ce, "Hamidu, kana cikin rijiya hwa." Ni kuma in ce sai kasuwa ta lafa. Wata biyu da sunka wuce na leƙa shi yana kwance, ya faɗa mini haka. Na ce sai an gama kakar albasa.

Abdulrauf ya miƙo mini ledar. Takarda ɗaya ce tak, tawada sabuwa, rubutun ya karkace kamar na mai koyo. A sama: Muryar Ayari, fitowa ta goma sha biyu. Na karanta a fili, don sun zuba mini ido.

"Ayari na nan bakin rijiya. Sufyanu ya riga mu tafiya, Maccido ma haka. Madugu ya zura igiya, hannunsa ya fara gajiya. Saura Hamidu ya zo ya jefa."

A ƙasa ya zana gida shida. Zakari fa mutum ne da bai taɓa sassauta wa kowa doka ba. Ranar da ya kashe wa Sufyanu bafatakensa, Sufyanu ya yi mako bai gaishe shi ba, bai janye ba. Na karanta gidan farko, na karanta na biyu, sai idona ya bi sauran da gudu.

"Baba," Shahida ta ce, "nawa za ka jefa ka fito?"

Sai na miƙa wa baffanta takardar. Ya karanta mata ɗaya bayan ɗaya, tun daga gida na ɗaya har na shida. Duk abu guda Zakari ya rubuta: Hamidu ya fito.

Ɗan lidon na tafin hannuna, na damƙe shi har ya yi mini shaida. Daga rumfata zuwa zauren nan tafiyar minti goma ce, ko da wannan gwiwar tawa.

"Malam," na ce wa Abdulrauf, "ɗazu ka roƙe ni gafara a madadinsa. To in kana da ikon karɓa a madadinsa, ni ke roƙo."