Gadon Hamman a Cikin Jirgin Sama

Ranar da labarin ya iske Asta, tana tsakar gidanta a unguwar Luggere ta Jimeta tana gyaran kifin tafkin Njuwa. Aka ce mijinta Hamman ya gangaro bakin kogi a kan kekensa, keken ya ƙi tsayawa, ajali ya same shi a nan. Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne.

Ta yi kuka, amma ta san abin da ya hana keken tsayawa. Ɗanburam, abokin Hamman, makanike ne a wani ɗan kamfani mai jirgin sama guda tak, mai kai mutane Maiduguri. In aka ba shi sabon kaya ya sa wa jirgi, sai kayan su bi hanyar kasuwar Jimeta, shi kuma ya zo aro jikin keken Hamman. Ya ari tiyub, ya ari noti, daga ƙarshe ya ari wayar burki. Sufeto Boaz, mai duba jirgi kafin ya tashi, daga inuwar fiffike yake dubawa ya ce lafiya lau. Tukwicin da aka ba shi ƙararrawar keken Hamman ce, ya ɗaura wa kekensa.

Ga shi 'yarsu Raliya jirgin nan za ta hau zuwa makarantar nas. Asta kuwa tana takaba, ba fita. Ta aika wa manajan kamfanin cewa jirginsa rabin keke ne, aka dawo mata da "Allah ya jiƙansa."

Sai Modibbo Hayatu ya zo rabon gado, ya zauna a bayan asabari.

"Asta, an tattara komai?"

"Saura keke, Allah gafarta Modibbo."

"Ba ga shi can jingine ba?"

"Wannan rabinsa ne. Ɗaya rabin yana tashi sama, yau ma da hantsi ya wuce ta kanmu."

Modibbo ba ya wasa da dukiyar marayu. Ya ɗauki butarsa ya nufi filin jirgi, Raliya na biye tana tura keken. Ita ta dawo ta ba uwarta labari, tana dariya tana share hawaye.

Manaja ya ce, "Malam, jirgi na shirin tashi."

"Ya tashi mana. Amma ya bar haƙƙin marainiya a ƙasa."

Da manaja ya ga tsohon ya shimfiɗa buzunsa a gaban tayar jirgi, sai ya sa aka buɗe cikin jirgin. Ga tiyub an naɗe bututun mai da shi. Ga wayar burki tana riƙe da wani abu da manaja ya kalla, ya nemi kujera.

"Waya ce mai kyau, ranka ya daɗe," in ji Ɗanburam. "'Yar Ingila ce."

"Kwance ta," in ji Modibbo. "Akwai tumunin takaba a jikinta."

Sufeto Boaz ya ce shi jiya ya duba bai ga komai ba, ya hau kekensa zai sulale. Wata akuya ta gitta gabansa, yatsansa ya danna ƙararrawa da kansa.

"Dada, ko a kasuwa na san wannan ƙara," in ji Raliya da take ba uwarta labarin. "Na ce, Baba Modibbo, ga saura can yana gudu."

Jirgin bai tashi ba sai da aka kawo masu gyara daga wani wuri. Aka sallami Ɗanburam da sufeto. Raliya ta tafi Maiduguri a mota, ta isa da ciwon baya.

Da aka zo rabo, Asta ta ce a ba ta ƙararrawar cikin kasonta. Ta ɗaure ta a ƙyauren ɗakinta. Har yau, in ta fito shara da safe, takan danna ta sau ɗaya, kamar yadda Hamman yake yi in zai fita.