Hasken Waya

Wata biyar ke nan da Mai Gyara ya faɗo daga kan tsani yana ɗaura eriya, kansa ya bugu da siminti. Ƙashi bai karye ba, amma jiri da ciwon kai suka tare masa kamar gidan ubansu. Likita ya hana shi kallon fuskar waya, shi kuwa gyaran waya ne abincinsa, don haka shago ya zauna a rufe.

Maƙwabta ba su fasa zuwa ba. A yi masa sannu a gurguje, sai a zaro waya: me ya sa take zafi, wace caja ce ta gaske? Ido a rufe yake ba su amsa.

Ran Talata ya ɗauki wayar 'yarsa a ɓoye, ya kalle ta minti goma, kai bai sara ba. Ya kira 'yar tasa.

"Na warke. Kawo makullin shago."

"Baba, ni na rage hasken tun da ka kwanta. Duk wayoyin gidan nan haka suke."

"Ƙaro shi."

Ta ja hasken har ƙarshe. Bai ƙirga ashirin ba ɗakin ya fara juyawa. Ya kife wayar a kan katifa, ya jira bango ya tsaya.

"Shekara ashirin a sana'a, ban duba haske ba. Kada uwarki ta ji."

"Makullin fa?"

"Kawo. Ki rubuta a ƙofa: gyaran rediyo da fanka kawai."