Naman da Bai Kama Jikin Auta Ba

Shekara goma sha tara mahaucin ya yi yana fawa, amma 'yarsa Auta, mai wata goma sha huɗu, ko kilo shida ba ta kai ba. Duk abin da ta ci sai ya zarce ta ƙasa. Ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa ramin ya zauna. A mayanka har tsiya ake masa: "Wai naman gidanka na kallo ne?" Tun yana ramawa har ya daina.

Wannan ne asibiti na huɗu. Yana zaune a benci, rigarsa na ƙarni, matarsa a gefe da yarinyar a cinya. Matar ta daina kuka tun ranar da uwarsa ta ce nononta ne ba kyau.

Likitar, wata mai furfura, ta daɗe tana juya takardun gwaji.

"Malam, mece ce sana'arka?"

"Fawa."

"To, za ka gane. Akwai sinadaran da ke daddatsa nama da madara a hanji, jiki ya samu ya tsotse. Sai dai a kulle suke zuwa, wani guda ɗaya ke buɗe su. Shi ne Auta ba ta da shi, tun haihuwa. Wuƙaƙen na nan, ba mai zare su daga kube."

"Ba nonona ba ne ke nan?" in ji matar.

"Ba shi ba ne, ƙanwata."

Matar ta ƙura wa bango ido.

Aka ba su garin magani, a gauraya a kowane ci. Mahaucin ya ce, "Har yaushe?"

"Kar ka tambaye ni yau," in ji likitar.

Auta ta tsani garin. Kullum da azahar yakan bar teburinsa ya zo ya riƙe mata hannuwa, matar na ɗura, yarinyar na tofarwa. Da kumburin ya sace, sai ta ƙara kankancewa, uwarsa ta ce, "Ai na faɗa."

A mako na bakwai ma'aikaciyar jinya ta ɗora ta a sikeli, ta tafa hannu. "Ta ƙara rabin kilo!"

Mahaucin ya gyaɗa kai kawai, ya rubuta ranar dawowa a tafin hannunsa. A motar haya barci ya kwashe shi, bakinsa a buɗe, har suka wuce layinsu. Matar ta gani, ta ƙyale shi.